Yadda Kallamu Ya Koyi Faɗuwa

Duk wanda ya yi safarar jakunkuna tsakanin Guangzhou da Kano a shekarun da China ke shirin karɓar gasar Olamfik, da wuya a ce bai san Kallamu ba. In bai san sunansa ba to ya san muryarsa, don tun daga bakin titi ake jiyo ta kafin mutum ya hau matakalar gidan abincin Abdulgani da ke Xiaobei, inda mutanenmu ke haɗuwa cin tuwo da miyar kuka da tsegumin farashin kwantena.

Ɗan Dukawa ne a cikin birnin Kano, ubansa baduku, kakansa ma baduku. Wani Alhaji ne ya ɗauko shi ya zo da shi don ya riƙa duba masa fata, kada a cusa masa roba a ce masa fatar saniya ce. Alhajin ya gama sarinsa ya koma, Kallamu kuwa ya ce ruwan garin ya karɓe shi. Ya kama ɗaki, ya sayi waya biyu, ya zama dillali. In ka sauka a Guangzhou kana neman jakar mata ko ta makaranta, shi zai sa ka a mota ya kai ka Shiling, garin da kowane lungu ɗinkin jaka ake yi. Zai ja zif, ya shinshina fata, ya ciji madauri, ya yi wa mai masana'anta tsawa, sannan ya bi kayanka har tashar ruwa ta Nansha ya ga an rufe kwantena. A wannan ɓangaren ba shi da abin kushewa. Ni ma ta haka muka saba, don duk zuwan da na yi baje kolin Pazhou shi ne idona.

Ciwon Kallamu guda ne: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Ya taɓa koya wa wani Bazabarme yadda ake saukar da jirgin sama in matuƙi ya suma. Ya taɓa rubuta wa wani Alhaji maganin ciwon suga a bayan kwalin shayi. Sinancinsa bai cika cokali ba, nihawo ne da shiyeshiye da lawban da meyo, wato sannu, na gode, maigida, babu, sai 'yan ƙirge. Amma yana faɗarsu da ƙarfi da yaƙini, har Basinen da ke gabansa ya fara zargin kansa da rashin jin yaren uwarsa.

Abu na biyu da kowa ya sani game da shi shi ne tsoron sanyi. Guangzhou gari ne mai gumi, sanyinsa na 'yan makonni ne, ƙanƙara kuwa sai a firji. Duk da haka da zarar Disamba ta kama za ka ga Kallamu da suwaita biyu da hular sanyi har kunne. Babu direban tasi a hanyar Shiling da bai yi rigima da shi a kan na'urar sanyaya mota ba.

To, a cikin masu masana'antar da yake kai wa ciniki akwai wata mata, gajeriya mai kaurin murya, ana ce mata Lawban Liu. Ba 'yar kudu ba ce, daga can arewa ta fito, wajen Harbin, inda aka ce in ka watsa ruwan zafi sama gari yake dawowa. Al'adarta ce duk shekara, gab da sabuwar shekararsu, ta rufe masana'anta ta sallami ma'aikata, ta ɗauki mutum ɗaya ko biyu cikin abokan cinikinta ta kai su garinsu hutu. A ƙarshen shekarar 2007, rannan suna cin kifi a wani gidan abincin Musulmi a Huadu, ta ciro kyamara ta nuna masa hotunan mutane a kan farin dutse, kowa da katako a ƙafa yana zamiya. Ta tambaye shi ko a ƙasarsu akwai wannan wasa.

Mutum mai hankali meyo zai ce, ga kalmar ma ya iya ta. Kallamu ya kalli hoton ya gyaɗa kai, ya ce mata da shi suka tashi. Daga baya da muka tsare shi, ya rantse bai yi ƙarya ba, wai suna yara suna hawa Dutsen Dala da kwalin sabulu su zauna a kai su gangaro, kuma duk zamiya zamiya ce. Lawban Liu ta yi murna, ta ce ba ta taɓa samun baƙon da ya riga ya iya ba. A take ta kira wanda ke yanko mata tikiti.

Na biyun da ta gayyata Tankari ne, wani dogon Bamaraɗe mai sayen akwatunan tafiya yana kai wa Maraɗi da Yamai. Tankari kishiyar Kallamu ne a komai: magana ɗaya sai ya tauna ta sau uku, tafiyarsa ma kamar yana tsoron farkar da ƙasa. Ya ce shi ya sha ganin wannan wasa a tashar talabijin ta Faransa, kuma abin da ya lura da shi, duk wanda aka nuno yana murmushi a saman dutse, a ƙasa da filasta ake nuno shi. Amma ba a mayar da kyautar mai masana'anta, don haka ya amsa. Ni ban bi su wannan tafiyar ba. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakinsu su biyun, kuma inda suka saɓa na fi karkata ga Tankari.

A lokacin ne aka yi mugun sanyin nan a kudancin China, jiragen ƙasa suka tsaya, jama'a suka yi dafifi a tashar Guangzhou suna jiran hanyar gida. Tankari ya dubi talabijin ya ce wa Kallamu, "Ga ƙanƙara ta tako ta taho inda kake, mi za ka tai nema?" Kallamu ya ce wannan ta talakawa ce, shi ta hutu aka gayyace shi. Ya tafi kasuwar sari neman rigar sanyi, ya tarar an kwashe, saura guda ɗaya da ta shige shi, ta mata ce, ruwan hoda, da gashi a wuya. Ya saya, ya ce a Turai launin manya ne. A ƙasa ya sa wandon jins, a ciki kuma wandon barci.

Da jirginsu ya sauka Harbin, ƙofar filin jirgi ta buɗe, Kallamu ya yi taku uku ya tsaya cik. Ya kama hannun Tankari ya ce wani abu ya shiga masa hanci yana cizo. Gashin hancinsa ne ya daskare. Ya juya zai koma ciki, mai gadi ya nuna masa cewa ƙofar ta fita ce kawai. Haka aka tura shi cikin motar ƙanin Lawban Liu, yana ta salati a hankali, har suka isa wani otal a gindin dutse.

Washegari aka kai su ɗakin haya, inda ake ba da takalma da katakai. Takalman, in ji Tankari, kamar an zuba wa mutum siminti a ƙafa ya bushe. Aka haɗa su da mai koyarwa, wata dattijuwa jajir da ita saboda iska, wadda ba ta jin ko ɗigon Turanci. Ta nuna musu kaya iri biyu: akwai siraran katakai biyu, kowace ƙafa da nata, da sanda biyu a hannu, akwai kuma faffaɗan allo guda wanda ake ɗaure ƙafa biyu a kai, a tsaya a karkace. Da hannu ta yi musu bayani cewa sabon shiga ya fara da biyun. Tankari ya karɓa ba musu. Kallamu ya ce ai sanda ta makafi ce da tsofaffi, shi allo za a ba shi, don a Dala ma kwali ɗaya suke hawa. Lawban Liu ta fassara wa dattijuwar cewa baƙon gwani ne daga Afirka. Dattijuwar ta dube shi daga rigar ruwan hoda har jins, ta miƙa masa allon.

Abin da ba wanda ya gaya wa Kallamu shi ne, mai allo in an ɗaure masa ƙafa biyu ba shi da sauran ta cewa. Ya miƙe ya faɗi ta baya. Ya miƙe ya faɗi ta gaba. Ya rarrafa ya kama wani ƙarfe ya miƙe, allon ya tafi da ƙafafunsa ya bar shi riƙe da ƙarfen. Jins ɗin ya sha ƙanƙara ya jiƙe, sannan ya bushe ya sandare, har in ya lanƙwasa gwiwa sai ka ji ƙara kamar ana karya rake. Lawban Liu ta tambaya ko lafiya. Ya ce allonsu ne ba shi da kyau, na Kano ya fi riƙe ƙasa.

Da azahar ta yi, sabuwar rigima ta taso. Kallamu ya ce sai ya cire takalma ya wanke ƙafa. Tankari ya ce ai addini ya yi sauƙi, a yi shafa a kan huffi. Kallamu ya ce wannan tulin roba da ƙarfe ba huffi ba ne, ko wane malami ya gan shi zai ce akwati ne. Gardama ta yi tsawo har Kallamu ya ciro waya ya kira wani malaminsa a Kano. Malamin ya saurara, ya yi gyaran murya, ya ce mas'alar tana da fuska biyu, ta farko ita ce, sai wayar ta mutu. Batirin da ya cika da safe sanyi ya shanye shi tas. Kallamu ya yi abin da ya ga dama: ya cire takalmi da safa a bakin ƙofa, ya tsiyaya ruwan fulas. Tankari ya ce bai taɓa ganin alwala mai sauri irin wannan ba, kuma yatsun Kallamu sai da suka kai la'asar kafin su dawo launin mutane.

Rana ta biyu ya ce matsalar ita ce filin koyo ya yi kwance da yawa, gwani sai da gangara. Ya bi layin masu hawa kujerar nan da ke rataye a jikin waya tana kai mutane ƙololuwa. Hawa ba wuya, kujerar ce ke zuwa ta kwashe ka ta baya. Sauka ce aiki, don kujerar ba ta tsayawa, kai ne za ka miƙe ka zame ka ba ta wuri. Da suka iso sama, wanda ke gefensa ya miƙe ya sulale. Kallamu ya leƙa ya ga ƙasa na tafiya, ya ƙanƙame ƙarfe. Mai kula da injin yana ta ɗaga masa hannu yana magana, shi kuma ya ɗaga masa nasa hannun kamar gwamna a buɗaɗɗiyar mota. Kujerar ta zagaya ta juyo da shi ƙasa, shi kaɗai a layin dawowa, cikin rigar ruwan hoda, yana fuskantar duk masu hawa, yana bin su da nihawo ɗaya bayan ɗaya. Tankari ya ce sau biyu aka yi haka. Kallamu ya ce sau ɗaya ne, kuma da gangan, yana nazarin hanya ne.

A hawan da ya biyo baya, mai injin ya gane shi tun daga nesa, ya rage gudu, mutum biyu suka ciro shi kamar buhu. Suka tsayar da shi, suka juya hancin allon ƙasa, suka sake shi. Nan ne Kallamu ya tafi. Tankari yana ƙasa yana kallo, ya ce da farko ya ɗauka wani ya saki jakar kaya ce. Sai ya ji murya tana tahowa tana cewa a ba da hanya, da Hausa, sannan da ya tuna inda yake sai ta koma "meyo birki, meyo birki". Ya ratsa tsakiyar wasu iyali da suka jeru za a ɗauke su hoto, bai taɓa kowa ba, ya wuce dattijuwar mai koyarwa, ya doshi ragar da aka kafa a ƙarshen fili. Kafin ragar akwai ɗan tudu. Tudun ya ɗaga shi, ya sauka a zaune, da dukkan nauyin tuwon Abdulgani, kusa da wani mai gasa dankali.

Likitan wurin ya duba ya ce ba karaya, ƙashin mazaunai ne ya bugu. Ya ba shi magani da wata zagayayyar roba mai iska, irin ta koyon ninƙaya, ya ce a kanta zai riƙa zama. Da yamma Lawban Liu ta shirya musu liyafa da danginta, Kallamu ya ci abincinsa a tsaye, ya ce musu haka manya ke ci a Kano.

Abin da ya faru washegari Kallamu bai cika son a tayar da shi ba. Tankari ya ce da safe ya neme shi a ɗaki bai gan shi ba, ya ɗauka ya gudu filin jirgi. Sai ya hango shi a gaban dattijuwar nan, ya ajiye mata allon a ƙasa, ya nuna dutsen, ya nuna kansa, ya ce, "Meyo." Dattijuwar ta yi dariya har sai da ta dafa gwiwa. Ta je ta kawo masa siraran katakai biyu da aron wando mai hana ruwa, ta kai shi filin da ake koya wa ƙananan yara. Ba ta koya masa tafiya ba. Yini guda tsayawa ta koya masa: ka haɗa kawunan katakan a gaba, ka ware su a baya, ka danna. Ta koya masa faɗuwa, ta gefe, ba a kan hannu ba, ba a kan inda ya riga ya bugu ba. In ya miƙe tsaye ƙiƙam sai ta buga masa sanda a bayan gwiwa ya durƙusa.

Kafin su bar garin ya hau kujerar ya sauka da ƙafarsa, ya gangaro a hankali yana lanƙwasa dama da hagu kamar tsohuwar akori-kura, ya tsaya inda ya yi niyyar tsayawa. Wata rana da muke mota mu biyu a hanyar Shiling ya ce mini, "Alhaji, ka san abin da ya kama ni a can? Shiru. Tun da na zo ƙasar nan kunnena bai huta ba, inji, hon, waya, ciniki. A saman dutsen nan har numfashina nake ji." Na ce to ai shi ma dutsen ya huta da ka yi shiru. Bai ji daɗin maganar ba.

Ya dawo Guangzhou da robarsa a hammata, kuma daga ranar gidan abincin Abdulgani ya zama makaranta. Ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, sai ka ji. Kada ka sa jins, kada ka sa auduga a jikin fata, gumi za ta sha ta daskare da kai. Riguna sirara uku sun fi ƙatuwa ɗaya, in ka ji zafi ka rage. Safa ɗaya mai kauri, ba uku ba, in ka cusa uku jini ba ya zagayawa. Kada ka sayi kaya, ka yi haya, takalmin kuma ya kama ka tsam, in diddigenka na motsi a ciki ka mayar. Baƙin tabarau dole ne, don farin ƙanƙara na makantarwa fiye da rana. Man kaɗe a leɓe da kunne. Waya a aljihun ciki, kusa da ƙirji. Alwala a ɗaki kafin ka sa safa. Ka nemi gidan taliya mai koren allo a ƙofa, na Musulmi ne, in kuma aka miƙo maka ƙaramin kofi mai farin ruwa, giya ce, ka dafa ciki ka ce likita ya hana. Ka yanki tikitin dawowa tun kafin sabuwar shekararsu ta matso. Sannan babbar magana, wadda yake faɗa yana ɗaga yatsa kamar shi ya ƙirƙiro ta: wanda bai iya tsayawa ba kada ya fara tafiya. Game da allo kuwa, ya ce wasan yara ne marasa ƙashi, dattijo ba ya hawa abin da zai ɗaure masa ƙafa biyu. In Tankari na wurin sai ya ci gaba da shan shayinsa, can ya ce, "Bon, hwaɗa musu zancen kujera." Sai Kallamu ya tuna yana da baƙo a Shiling.

Da damina ta zo aka shiga hidimar Olamfik. Biza ta yi wuya a shekarar, baƙi suka ragu, dillalai suka samu lokacin zama. Kallamu ya kafa kujera gaban talabijin ɗin Abdulgani tun ranar buɗewa. Ya kalli gudu, ya kalli ninƙaya, ya kalli masu ɗaga ƙarfe, yana ta gaya wa mutane su jira, wasansa na nan tafe, zai yi musu sharhi. Har aka kashe wutar gasar ba a nuna ko ƙwayar ƙanƙara ba. Ya ce an yi ha'inci. Tankari ya bari sai da ya gama faɗa, sannan ya sanar da shi cewa ta sanyi daban ake yin ta, a wata shekarar, a wata ƙasar, kuma a watan Agusta ko a Harbin singileti ake sawa. Kallamu ya ce ya sani, yana gwada mu ne.

Da sanyi ya sake zagayowa ya matsa sai ya kai mu. Muka tashi mu biyar, har da ni, har da Hajiya Rekiya, wata babbar 'yar kasuwa mai shagon jakunkunan mata a Kantin Kwari, mace mai jiki da nauyin baki. Ta ce ba wasa ya kai ta ba, ta gaji da jin ƙaryar Kallamu ne, tana so ta gani da idonta ta dawo ta ƙaryata shi a gaban jama'a. Kallamu ya yi ta lallaɓa ta, Hajiya ki zauna a ɗakin shan shayi, akwai taga, za ki ga komai. Ta ce, "Malam Kallamu, kuɗin jirgi na biya, ba na taga ba."

Abin mamaki, duk shawarwarin da ya ba mu sun yi aiki. Ba wanda ya daskare, ba wayar da ta mutu, mun ci taliya mai zafi da naman rago. Dattijuwar tana nan, da ta hango shi ta kira abokan aikinta tana nuna shi tana kwaikwayon ɗaga hannun gwamna. Ni na faɗi sau biyu, na ga cewa ina da iyali, na koma ɗakin shayin da aka yi wa Hajiya tayi. Daga tagar nan na ga abin da ban zata ba. Hajiya Rekiya, da wandon haya a ƙarƙashin dogon hijabi, ta tsaya gaban dattijuwar ta yi duk abin da aka nuna mata ba gardama. Kafin la'asar sai ga ta tana gangarowa daga ƙaramin tudu, a hankali, ba karkata, hijabi na kaɗawa, kamar jirgin ruwa zai shiga Nansha. Kallamu na biye da ita yana ba da umarni, Hajiya ki durƙusa, Hajiya ki ware ƙafa, har ya manta da nasa ƙafafun, katakansa suka hau juna ya kife. Ta wuce shi ba ta waiwaya ba. A ƙasa ta ce masa ta yarda ba duka ne ƙarya ba, wasan akwai daɗi, amma malamin ne dai sai a hankali. Ita ma ta faɗi daga baya, sau ɗaya tak, sai da mutum uku suka taru kafin a tashe ta, kuma ta hana a ɗauki hoto.

Kallamu ya ci gaba da zuwa duk sanyi, wani lokaci da Lawban Liu, wani lokaci da duk wanda ya iya yaudara. Bai taɓa zama gwani ba. Tankari ya ce iyakar abin da ya ƙaru da shi shi ne ya daina firgita masu hoto. Amma ya san kowane gidan taliya a gindin dutsen, masu haya na ajiye masa takalmin da ya dace da ƙafarsa, ya kuma sauya rigar ruwan hoda da baƙa bayan matarsa Maijidda ta ga hoton ta tambaye shi ta wace ce.

Bayan wasu shekaru harkar dillanci ta ja baya, masu sari suka koyi yin oda ta waya, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ƙara in zai hau bene. Ya tattara ya koma Kano. Yanzu yana da shago a Sabon Gari, rabi jakunkuna, rabi rigunan sanyi da safar hannu, ɗalibai masu tafiya karatu Rasha da China su ne masu sayensa. Duk yaron da ya shiga sayen riga ɗaya sai ya fito da uku da lacca. Ya so ya kai 'ya'yansa su ga dutsen, Maijidda ta ce gurgu ɗaya ya ishi gida.

Na leƙa shi kwanakin baya. Ya ce mini likita ya ce gwiwar za ta gyaru in ya rage ƙiba, kuma da ta gyaru zai koma, har ya fara tambayar kuɗin tikiti. Yana faɗa mini haka yana buɗe ƙunshin tsire na biyu, ya tura mini albasar.